Daga Sidni zuwa Kingswood, a kan sawun ƙidayar 1828

Barikin Hyde Park yana bakin titin Macquarie a tsakiyar Sidni, ginin jan bulo mai hawa uku da agogo a goshinsa. Fursunonin da Ingila ta yi ta jibgewa a Ostireliya su suka gina shi don ya zama makwancinsu, aka buɗe a 1819. Wanda ya zana ginin ma, Francis Greenway, ɗan kaso ne. A saman bene na tarar da shimfiɗun tsumma a rataye jikin katako, jere reras, ko wurin juyi babu. Na gwada kwanciya a ɗaya, ba a jima ba bayana ya ce bai yarda ba.

Da can ƙidayar jama'ar wannan yanki, wato New South Wales inda Sidni take, ba ta wuce a tara jama'a a fili a yi ta kiran suna ba. Fursuna dai dole ya amsa. Amma da baƙi masu 'yanci suka yawaita, sai ta bayyana cewa gwamna ba shi da ikon tilasta musu fitowa. Shi ya sa a zamanin Gwamna Ralph Darling aka kafa doka, aka bi gida-gida da takarda a watan Nuwamba na 1828. Ita ce cikakkiyar ƙidaya ta farko a New South Wales.

Washegari na hau jirgin ƙasa na yi yamma zuwa Kingswood, inda ma'ajiyar takardun gwamnatin jihar take, tafiyar kusan awa guda. Hotunan shafukan na duba, rubutun alƙalami mai karkata, sai da na matse ido. An samu mutum 36,598, fiye da dubu 15 daga ciki fursunoni, maza sun ninka mata sau uku. Kowa da layinsa: suna, shekaru, addini, sana'a, jirgin ruwan da ya kawo shi da shekarar zuwansa. Sai wasu haruffa da ke faɗin matsayinsa, ko da ƙafarsa ya zo, ko nan aka haife shi, ko ya gama wa'adi, ko yana riƙe da takardar sassauci. Ina jin nan ne ƙidayar ta fi yi wa wasu ciwo, don attajirin da ya daɗe da mance sarƙa sai ga asirinsa a rubuce.

An kuma rubuta eka nawa mutum ya share, nawa ya nome, dawakinsa, shanunsa, tumakinsa. Wanda ya ji labarin jangali a bakin kakansa ya san Bature ba ya wasa da ƙirgen dabba. Masu ƙasar na asali kuwa, irin su Gadigal da Darug da aka ƙwace wa filayen, ƙidayar ba da su aka yi ta ba.

A hanyar dawowa jirgi ya tsaya a Blacktown, ƙasar Darug. A shekarar ƙidayar akwai wata makaranta a yankin da ake ajiye 'ya'yan 'yan asalin ƙasa nesa da iyayensu, aka rufe ta a 1829. Gwamnati ta san da su ke nan, lissafi ne ba ta so. Da aka haɗe yankunan mulkin mallakar Ingila suka zama tarayyar Ostireliya a 1901, sashe na 127 na tsarin mulki ya ce kada a sa su cikin adadin jama'ar ƙasa. Sai a 1967 aka soke sashen da ƙuri'ar raba gardama, fiye da kashi 90 cikin ɗari suka amince, ƙidayar 1971 ta haɗa da su.