Gilashi biyu a jakar mai hoto a Damagaram

Mai ɗaukar hoto a Damagaram yana aiki ne tsakanin wurare biyu masu wuyar sha'ani: lungunan Birni, inda babu wurin ja da baya, da ɗakunan amare, inda babu haske. A waɗannan wurare na koyi auna gilashin kyamara, domin lambobin da ke jikin kwali ba su san garinmu ba.

Yawancinmu da gilashin zum 18-55mm muka fara, wanda ake haɗowa da kyamara. Ba na raina shi, ya ciyar da gidaje da yawa. Amma da zarar ka ja zum ɗinsa zuwa 55mm, ƙofar haskensa ba ta buɗewa fiye da f/5.6 (lambar f ita ce ma'aunin wannan ƙofa, ƙaramar lamba na nufin babbar ƙofa). Ɗan ƙaramin 50mm f/1.8, wanda ba ya zum ko kaɗan, yana shigar da haske kusan ninki 10 na wancan. A ɗakin amarya bayan magariba, ƙawaye sun cika ko'ina, ƙwan lantarki ɗaya ke ci, wannan gilashi ne ke hana ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, har hoto ya cika da tsaki-tsaki. Yana kuma dusar da abin da ke bayan mutum, sai lallen hannu da aikin mayafi su fito su kaɗai. Ga shi cikin gilasai mafi araha, Canon da Nikon duk suna yin sa.

Sai dai f/1.8 ba a sakar masa jiki. Wurin da ke fitowa tar siriri ne ƙwarai. Amarya ta ɗan karkata kai, ido ɗaya ya fito, ɗaya ya dushe. Idan mutum biyu ne ko uku, nakan rufe zuwa f/2.8 ko f/4, kuma a nan ma gilashin ya fi kaifi.

Akwai abin da masu koyo ba sa lura da shi sai sun kashe kuɗinsu. Kyamarorin da suka fi yawa a hannunmu masu ƙaramar sensa ne, wato ɗan farantin da ke kama hoto a cikin kyamara. A Canon ana ninka tsawon gilashi da 1.6, a Nikon da 1.5. Ke nan 50mm a kan Canon yana gani kamar 80mm a kyamara mai babbar sensa, wato ya matse fili. Don fuskar mutum ɗaya, madalla. Amma a ɗakin da bai wuce mita 4 ba, bayanka zai taɓa bango ba ka haɗa ango da abokansa ba. A irin wannan kyamara, ni 35mm nake ba mutum shawara ya fara saye, ko 24mm.

Gilashi mai faɗin gani, irin 10-18mm, shi ne na lungu da gini. Gidajen Birni da na Zango masu zanen bango, da ƙofar fadar Sarkin Damagaram, ba sa shiga hoto gaba ɗaya sai da shi. Yana da hali guda da ke ɓata aiki: ka ɗaga kan kyamara sama don ka kama zankwayen soro, sai bangaye su karkata kamar za su faɗi baya. Ina jin ciwon wannan, domin maginin da ya tsayar da bangon nan ya tsayar da shi ne daidai, bai kamata hotona ya yi masa ƙarya ba. Maganin shi ne kyamara ta tsaya a miƙe, kai ka nemi tudu, ko dutse, ko kujera ka hau, daga baya ka yanke ƙasan da ya yi yawa.

Da mutane kuwa sai an yi hattara. Duk wanda ya faɗa gefen hoto, faɗinsa zai ƙaru, kansa ya miƙe. A hoton suna ko ɗaurin aure, ba zan kai wa dattijo hoton da rawaninsa ya baje ba. Nakan sa manya a tsakiya, in bar fili a gefe biyu. Shi kuma hancin da ke girma a hoto, kusancin da ka yi wa fuska ne ya jawo shi. Ja da baya taku biyu, zai koma yadda Allah ya yi shi.

Gilashi marar zum yana sa ka yawan cirewa da sakawa, a lokacin hunturu kuwa ƙura na jiran wannan dama. Nakan yanke shawara tun daga gida wanda zan fita da shi. In ya zama dole, a ɗaki nake canzawa, bakin kyamara na kallon ƙasa. Wanda ke son sanin ko ƙura ta hau sensa, ya ɗauki sararin sama a f/16, ɗigo-ɗigon za su fito.

Galibi na hannu muke saye, daga Kano ko wajen waɗanda suka dawo daga tafiya. Kafin in biya, nakan haska tocila ta cikin gilashin in duba ƙarzuwa da fumfuna. Sannan in manna jarida a bango, in ɗauke ta da ƙofar haske a buɗe gaba ɗaya da kuma a f/8, in girmama kusurwoyi huɗu a kan kwamfuta. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya dushewa, wani gilashi ya goce a ciki, wataƙila ya taɓa faɗuwa, kuma ko an rage mini rabin kuɗi ba na ɗauka.