Kwana na 21

Asabar, da dare.

Yau jar kazata ta cika kwana 21 cif a kan ƙwai. Gari bai gama wayewa ba na nufi akurki. Ban ɗaga ta ba, tsugunawa na yi na kasa kunne, sai ga ɗan siririn kuka daga ƙarƙashin fiffikenta. Ƙwai 11 na sa mata tun farko. A kwana na 8 na haska su da tocila cikin duhu, biyu babu ko jijiya ɗaya a cikinsu, na kwashe, saura 9. Kafin hantsi biyar sun fito, sun bushe, suna leƙowa ta cikin gashinta.

Akwai guda da ya huda ɓawon ya tsaya cak. Bakinsa kawai nake gani yana motsi. Wallahi hannuna har ƙaiƙayi yake in ɓare masa, na dai daure. Ɗan tsako kan kai kusan yini guda tsakanin huda ɓawo da fitowa, domin a lokacin yake ƙarasa shanye gwaiduwa cikin cikinsa, jijiyoyin da ke jikin ɓawon kuma suna ƙafewa. Wanda ya ɓare da wuri jini zai gani. Gwaiduwar nan ita ke riƙe shi kwana biyu ko bai ci komai ba.

Abin da ya ɓata mini rai yau tsiron tumatir ne. Kusan rabin kwano guda ya kwanta, kowanne ya tsuke daga gindi kamar an ɗaure shi da zare. Ni na jawo. Safe da yamma nake ta ɗura musu ruwa don ɗokin in ga sun tashi, ga shi na watsa irin a cunkushe, iska ba ta ratsawa, ruɓa ta samu wurin zama. Wanda ya kwanta ba ya tashi. Na tsige su, na rage cunkoson, na mayar da kwanon inda rana ke bugawa da safe. Barkonon lafiya lau, ya fara fitar da ganye na uku.

Da rana ta take na je wajen amya. Ban buɗe ba, ban ma ɗauki abin hayaƙi ba. Na ƙara wa ƙudan zuman ruwa a tasarsu, na gyara duwatsun da suke sauka a kai don kada su nutse. A bakin ƙofa wasu sun jeru suna ta fifita da fukafukai, haka suke riƙe zafin ɗakin 'ya'yansu wajen digiri 35 komai ƙunar rana. Wasu na dawowa da ƙurar fure rawaya danƙare a ƙafafun baya, alamar akwai ƙanana da ake ciyarwa, sarauniya na aikinta. Na daɗe a tsaye ina kallo. Ita ma ma'aikaciyar zuma kwana 21 take yi daga ƙwai zuwa fitowa, daidai da ɗan tsako, abin da har yau yake ba ni mamaki.

Bayan faɗuwar rana na koma akurki da fitila. Wancan mai jinkirin ya fito da kansa, jiƙe sharkaf, ya lafe a ƙirjin uwarsa. Da wasu biyu da suka fito da rana, takwas ke nan. Saura ƙwai ɗaya, na kara shi a kunne ban ji motsi ba, amma na mayar mata. Zan bar shi zuwa jibi.