Ɗaya nawa ne a cikin lambar nan?

Wata Islamiyya a Mabera nake rubuta wa manhajar rajista da yaren C. Kowace rana bit guda ce, wato gurbi ɗaya mai ɗaukar 0 ko 1: yaro ya zo 1, bai zo ba 0. Kwana 64 sun shige cikin lamba guda mai bit 64 ke nan, kuma sanin zuwan yaro bai wuce a ƙirga ɗaya nawa ke ciki ba.

Dabarar da hannuna ya saba da ita ita ce n & (n-1), inda n ita ce lambar. Kowane zagaye yana goge 1 na ƙarshe ta dama, a yi ta yi har lambar ta koma sifili; yawan zagayen shi ne yawan 1 ɗin. Brian Kernighan, ɗaya daga marubutan littafin yaren C, ake jingina wa ita, alhali Peter Wegner ya wallafa ta tun 1960. Da na haɗa da GCC, kwampailan da ke mayar da C zuwa umarnin furosesa, na sa -O2 (ya saurara manhajar) da -mpopcnt (izinin amfani da umarnin popcnt), na leƙa abin da ya fito, zagayen nan ya ɓace ɓat. Sai umarni ɗaya tak, popcnt, wanda furosesa ke ƙirga 1 da shi kai tsaye. Wato kwampaila ya gane inda na dosa, ya yanke ta gajeriyar hanya. Tun GCC 9 yake yin haka, wani kwampaila mai suna Clang ma ya iya.

Cire -mpopcnt ka ga ikon Allah. Ko __builtin_popcount, aikin GCC na ƙirga 1, ka rubuta ƙiri-ƙiri, GCC zai tura ka wani aiki a libgcc, ma'ajiyar ayyukansa, ya yi lissafin da ƙafa. Abokan aikina na kiran wannan hali na GCC tsoro, ni kuwa ina ganin gaskiyarsa. Furosesa masu tsarin x86-64, irin na kwamfutocinmu, sun fito a 2003, popcnt bai zo ba sai 2007 a furosesan AMD mai suna Barcelona, sannan 2008 a na Intel mai suna Nehalem. Kwamfuta mai tsohon furosesan Intel Core 2 Duo ba ta san shi ba sam, kuma duk wanda ke shiga ofisoshin makarantu a Sakkwato ya san tokumbo irinta na nan da ransu, fanka na kuka cikin zafin Afrilu. Ka haɗa da -march=native (wato a yi amfani da duk umarnin da furosesanka ya sani) a sabuwar kwamfutarka, ka kai can a filasha, manhajar ta mutu nan take a kan umarnin da furosesa bai sani ba. Windows 11 ma, daga sigar 24H2, ba ya tashi a injin da ba shi da popcnt.

Yanzu __builtin_cpu_supports("popcnt") nake sawa ta tambayi furosesa tun farkon tashi. In yana da shi, a bi ta nan. In babu, a koma wa dabarar Wegner.