Ɗaura bayindin ɗin siki a Riyad, garin da ko ƙanƙarar babu

Idan nace wa mutane a shagon kayan wasanni nake aiki a Riyad kuma cikin aikina har da ɗaura bayindin a katakon siki, wato katakon da ake zamiya da shi a kan ƙanƙara, dariya suke yi, wai ƙanƙarar tana ina. To tana Gudauri a Jojiya, tana Erciyes a Turkiyya, ga ta cikin mol a Dubai, kuma daga Disamba zuwa Maris 'yan garin nan tururuwa suke yi can, wasu da kayansu suke tafiya.

Bayindin shine ƙarfen nan mai baki biyu da ke cafke takalmi ta gaba da ta dunduniya, kuma ba riƙewa kaɗai ne aikinsa ba, dole ya saki ƙafa in mutum ya faɗi, in ba haka ba ƙauri ne zai karye.

Abin da mudir ɗinmu, wato manajan shagon, ya fara cusa min a kai, ba a taɓa dirila sai takalmin yana kan tebur. Lambar 27.5 da kwastoma zai faɗa maka ta waya tsawon ƙafarsa ce, ba ita muke nema ba, akwai wata 'yar lamba a gefen dunduniyar takalmin, kamar 315mm, tsawon tafin kenan daga waje, kuma kamfani biyu saiz ɗaya sai kaga lambar nan ta bambanta. Da ita ake saita jig, wato ƙarfen da ke nuna inda za a huda ramuka, alamar tsakiyar takalmi ta hau daidai kan layin da ke jikin sikin. Bakin dirila ma kala biyu ne, 4.1 in akwai ƙarfe a cikin katakon, 3.5 ko 3.6 in babu. A zazzage garin katakon, a ɗiga gam mara jin ruwa a kowane rami, sannan sukurudireba Pozidriv lamba 3, da hannu nake ƙarasa ɗaurin don in ji inda ya tsaya. Na mashin ba ya jin komai, sai ya cinye ramin.

Amma wallahi rigimar ba a ɗaurin take ba, bayan an dawo ne. Wani ƙanen abokina haifaffen Makka ya dawo daga Jojiya yana ta faɗa, wai sikin ƙafar dama sai cirewa yake yi ko a ɗan kwana.

"Yaya don Allah ka murɗa min lambar zuwa 10 kawai mu huta."

Nace ƙanina tsaya, kawo takalmin. Lambar DIN, wato lambar da ke saita ƙarfin da bayindin zai ji kafin ya saki, ba da son rai ake sa ta ba, teburi ne ake dubawa, nauyi, tsawo, shekaru, tsawon tafin takalmi da irin gudun mutum, nasa kuma 6 ya bayar. Ina cusa takalmin na leƙa bayan dunduniya, alamar matsi, mai nuna ko bayindin ya matse takalmin daidai, ta fita daga inda ya kamata. Ashe sabon takalmi ya saya a can, ya fi tsohon gajarta, dunduniyar bayindin ba ta tura shi gaba yadda ya kamata. Na matso da ita kaɗan a kan layinta, alamar ta koma wurinta, shi kenan. Da na murɗa masa 10 da har yanzu yana cirewa, ranar da zai faɗi da gaske kuma ya ƙi saki.

Gaban bayindin ɗin ma na duba, ana zura kati siriri kamar rabin milimita tsakanin tafin da farantin santsi da gaban takalmin ke zama a kai, ya fito da ɗan ja, ba ya maƙale ba, ba kuma ya zame haka kawai ba. Kuma yanzu takalma masu tafin GripWalk sun cika kasuwa, tafinsu roba ce mai lanƙwasa, tsohon bayindin da babu alamar GripWalk a jikinsa ba ya ɗaukarsu. Wannan kam ba na saitawa ko an ce za a ƙara min riyal hamsin, sai dai a canza tafin ko a canza bayindin ɗin.