Shekara guda ina auna iskar Jos daga tagar ɗakina

Mu mutanen Jos muna da wani alfahari da ba ma gajiya da shi: garinmu a kan tsauni yake, wajen mita 1,200 sama da teku, iskarmu mai sanyi ce, a zatonmu kuma mai tsabta. Ni da nake koyar da labarin ƙasa a sakandare na fi kowa yayata wannan zance a aji. Tarin 'yata ta biyu ne ya sa na fara shakka. Duk Disamba sai asma ta tasar mata, kuma ba da rana take tashi ba, lokacin da ƙura ke rufe gari har a daina hango duwatsun Shere. Da asuba take tashi.

Ƙanina ya aiko min da wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba, mai ƙidaya ɓurɓushin da ke yawo a iska, wanda masana ke kira PM2.5. Sai an jera kusan 30 daga cikinsu kafin su kai kaurin silin gashi, shi ya sa suke wuce hanci su zarce can cikin huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsu a maikirogiram 15 (maikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram) cikin kowace mita kubik ta iska, a matsakaicin yini guda. Na'urar tana nuna lamba da launi: kore, rawaya, ja.

Da farko na rataye ta kusa da kicin, duk sanda uwargida ta ɗora suya sai ta yi ja wur. Na mayar da ita tagar da ke kallon titi, na samu littafi ina rubutawa sau uku: bayan asuba, da azahar, da bayan isha'i.

Damina ba ta da wani labari. Ruwan Yuli da Agusta yana wanke sama, kusan kullum kore. Sai dai safiyar da hazo ya sauka takan yi rawaya, har na tsorata, kafin na gane cewa danshi ne ke kumbura ɓurɓushin, na'ura mai araha kuma ba ta bambance ruwa da datti.

Da ruwa ya ɗauke a Oktoba, aka fara cinna wa ciyawa wuta a bayan gari, lissafi ya canja. Sannan hunturu ya shigo da ƙurarsa. Yawancinta daga Bodele take tasowa, wani kwari a arewacin Chadi da a da can ƙasan babban tafki ne, inda iska ke kutsawa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashi farar ƙasa mai laushi kamar gari. Ranar da ta iso, na'urar ja take wuni, kuma ba ruwan ƙurar da unguwa. Na gwada a gidan abokina a Rayfield, duk kanwar ja ce.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne ranakun da babu ƙura. Sama garau, taurari rututu da dare, amma lambar asuba ta fi ta kowane lokaci muni, zuwa azahar kuma ta sauka.

Wata Asabar a Janairu na sa na'urar a aljihun jaket, na fito daga masallaci na nufi dutsen da ke bayan unguwarmu. Gidanmu a gangare yake, ba nisa da rafin Dilimi. A bakin hanya na tsaya wajen mai shayi, ina kallon hayaƙin murhunsa: ya miƙe sama kamar tsayin falwaya, sai ya karye ya kwanta a kaikaice, kamar ya bugi rufi. Ina hawa lamba tana raguwa. Da na kai ƙololuwa na waiwaya, sai ga unguwannin kwari a ƙarƙashin wani shimfiɗaɗɗen hayaƙi mai ruwan toka, hasumiyoyin masallatai da na coci kawai ke leƙowa.

Abin kunya, darasin da nake koyarwa ne, ban taɓa kallonsa a ƙofar gidana ba. Daren hunturu babu gajimare, ƙasa takan saki zafinta da sauri. Iskar da ke kan duwatsu ta yi sanyi, ta yi nauyi, ta gangaro kamar ruwa ta taru a kwari, mai ɗan ɗumi kuma ta zauna a samanta kamar murfin tukunya. Duk abin da muka ƙona daga magariba zuwa wayewar gari, itace, gawayi, bola, tayar da matasa ke jin ɗumi da ita, hayaƙin janareta, a nan yake kwana tare da mu. Sai hantsi ya dubi ludayi, ƙasa ta ɗauki zafi, sannan murfin ke buɗewa.

A cikin gida kuwa rigima da Inna na sha. Kullum da kaskon gawayi take kwana, yaran kuma a ɗakinta suke. Na ce, "Inna, don Allah a riƙa fitar da kaskon nan kafin a kwanta." Ta ce, "Kai ɗan nan, da shi na raine ka, ga ka nan da ranka." Na kai na'urar ɗakin ta yi ja, Inna ta ce ai ita ma sanyi take ji. Na bayyana mata cewa garwashi ko ba ya hayaƙi yana fitar da wata guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci a rufaffen ɗaki, wadda ma na'urar ba ta gani. Da ƙyar muka daidaita: a ɗumama ɗaki, a fitar da kasko, na ƙara mata bargo biyu.

Yanzu ba ma buɗe tagogi sai da hantsi, ana yayyafa ruwa kafin shara, yarinyar kuma da takunkumi take fita da safe. Asmar ba ta rabu da ita ba, amma dararen da muke kwana a zaune sun ragu.

Bolar layinmu ce ta gagare ni. Na roƙi maƙwabta a daina cinna mata wuta da magariba, ko a bari sai rana ta take. Dattijon da ke kusa da ita ya saurare ni tsaf, ya ce, "Malam, da rana iska ce, wuta za ta tsallaka dangata." Ban samu amsar da zan ba shi ba, don gaskiyarsa ce. Jiya ma da magariba an ƙona ta.