Kafin Bazazzagi ya faɗa tekun Zanzibar

Wanda ya koyi iyo a Galma ko Kubanni kada ya ɗauka ya san teku. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, shi ya sa yake ɗaga mutum sama, amma kurɓa ɗaya ta isa ta sa ka tari.

A Kizimkazi, kudancin tsibirin, jiragen ruwan kallon dolfin, wata dabbar teku mai kama da babban kifi, da sassafe suke tashi. Ka gwada tabaran ruwa, mai rufe ido da hanci don gani a cikin ruwa, tun a tudu: ɗora shi a fuska ba igiya, ka ja iska ta hanci. In ya manne, madalla. In ya faɗo, ruwa zai shiga. Gashin baki ma yakan hana shi kamawa. Shafa yawu cikin gilashin ka ɗauraye don kada ya yi hazo. Rigar ceto kuwa dole ce, ko kai ɗan Sarkin Ruwa ne.

In matuƙi ya bi dolfin da gudu, nutsewa za su yi, kuɗinka ya tafi a banza. A kashe inji, ka zame cikin ruwa a hankali, kada ka taɓa su.

Wanda ya yi nutso da tukunyar iska ya jira awa 24 kafin hawa jirgin sama, saboda iskar naitirojin da ta rage a jininsa.