Daren da na fara yin allurar naloxone

Ina aikin dare a ɗakin gaggawa na wani asibiti a Kaduna, wajen ƙarfe biyu, aka kawo wani saurayi daga Rigasa a keke napep, mahaifiyarsa na tallafe da kansa. Na ƙirga numfashinsa, sau 6 a minti. Ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura. Abokinsa ya ce kodin ya sha da tramol. Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, amma har yau yana shiga hannun yaranmu.

Da sinadarai jijiyoyin ƙwaƙwalwa suke aika wa juna saƙo, kowane sinadari da kwadonsa a jikin jijiya ta gaba, sinadarin ne mabuɗin. Jiki na da nasa mai kashe zafi, endofin. Kodin kuwa hanta ce ke mayar da wani ɓangarensa mofin, ya je ya buɗe kwadon endofin ɗin nan. Akwai irin kwadon a gindin ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi, shi ya sa wanda ya sha da yawa numfashinsa ke ja baya har ya tsaya.

Likita ya ce a ba shi naloxone. Shi wannan yana ture mofin ya zauna a ramin kwadon, amma ba ya buɗewa. Hannuna na rawa na yi masa ta jijiya. Ba a yi minti biyu ba ya buɗe ido, yana gumi yana fizge-fizge.

Uwar ta ce, "Alhamdulillahi, 'yar nan, mu tafi gida ko?"

Na ce, "Mama, ki yi haƙuri, sai gari ya waye."

A raina ni ma na ɗauka an gama. Bayan kamar awa ɗaya na leƙo, numfashi ya sake sauka. Naloxone bai cika wuce minti 90 yana aiki ba, ƙwayar kuwa tana nan cikin jini tana jiran kwado ya zama babu kowa. Muka ƙara masa, muka kuma sa ido don farfaɗiya, saboda tramol na taɓa serotonin da noradirinalin, wasu sinadaran saƙon ƙwaƙwalwa, kuma naloxone ba ya hana wannan.

Daga ranar, duk wanda na yi wa allurar nan, kujera nake ja kusa da gadonsa da agogo a hannu. Da safe likita ya rubuta musu takardar zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Uwar ta ninke ta, ta ɗaure a bakin zaninta.